Bin Sawun Mai Saye

Ya ku 'yan kasuwa da dillalan Fassi, Kibiya da Rano, ku sani mai sayen hatsi daga Dawanau ba a bakin rumfa yake soma ciniki ba. Tun a waya ko a bakin direba yake jin kuɗin dawa da gyaɗa. Manyan kamfanonin Amurka da Ingila a kwamfuta suke zana wannan tafiya tasa. Mu kuwa littafi da biro sun ishe mu.

A ja gida 6: jin labari, duba kaya, ciniki, awo, biya, lodi. Duk wanda ya juya ko ya yi ƙorafi, a sa ɗigo a gidan. Bayan kasuwa 4 a ƙirga.

In ɗigo ya taru a ciniki, to kuɗin ya saɓa da wanda aka gaya masa. In a duba kaya ne, akwai tsakuwa a buhu. In a awo ne, tiyarmu ake zargi.

Baƙon da ransa ya ɓaci ba lallai ya faɗa ba. Kasuwa yake sakewa, la'ada ta bi shi.