Yadda za ka kwantar da rassan icce kewaye da rijiyar garka

Ya kai mai garka a bakin kogin Isa, tun daga Gaweye har Lamorde da Kirkisoi, ka san yadda fili ya yi wuya a Yamai. Tun da aka buɗe gadar Kennedy a 1970, gari yana ta cin gonakin ƙetaren kogi. Mai ɗan fili in ya dasa mangwaro, shekara kaɗan inuwa ta rufe fangalin salati da na tumatir. To, akwai dabarar samun ƴaƴan icce ba tare da ka yi hasarar fangali ba: ka kwantar da rassa bisa waya, icce ya zama kamar danga kewaye da rijiya.

Dabarar tsohuwa ce. A Faransa, a lambun Sarki Luwi na 14 da aka gama a Bersai a 1683, haka ake shimfiɗa rassa jikin bango don su sha ɗumi. Mu nan ɗumi ya yi mana yawa. Cikin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, bango ya ƙone ganye. Saboda haka waya za ka ja a sarari, inda iska ke ratsawa.

Ka zaɓi gwaba ko rumman ko lemun tsami. Mangwaro ya fi wuya, girmansa ya yi yawa.

Ka ja baya da mita 3 daga bakin rijiya, don kada saiwa ta fasa gini, kada ganye ya zuba cikin ruwa. Ka kafa turaku masu tsawon mita 2, tsakaninsu mita 3. Na ƙarfe sun fi, domin gara tana cin na icce. Ka ja waya layi uku: santimita 50 daga ƙasa, sai 100, sai 150. Ka bar ƙofa wadda mai ɗaukar ruwa zai bi.

Ka dasa icce ɗaya tsakanin turaku biyu da farkon damana, Yuni ko Yuli. In ya kama, ka datse kansa daidai wayar farko. Cikin tohon da zai fito ka bar uku: ɗaya ya miƙe sama, ɗaya dama, ɗaya hagu. Ka riƙa kwantar da na gefe kaɗan kaɗan, kana ɗaure su da tsumma. Ɗauri ya zama sako-sako, don reshe zai yi kauri. Ka sa tsumma tsakanin waya da ɓawo, saboda waya takan yi zafi da rana. Baɗi ka yi haka a waya ta biyu.

Me ya sa ake wannan wahala? Reshen da ya miƙe tsaye ganye yake yawan yi. Wanda aka kwantar girmansa yana raguwa, sai ya fi yin fure. Rana tana samun kowane ɗa, kana ganin tsutsa da wuri, kana tsinka ba hawa. Gwaba a sabon toho take yin ƴaƴa, don haka bayan tsinka ka rage tsawon ƙananan rassa su sake toho.

Ruwan da ke zuba daga guga kuwa, ka yi masa ƴar hanya ya bi gindin itatuwan. Ka tsare su daga awaki. Kada ka jira reshe ya ƙosa, sai ya karye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.