Ciwon Taɓin Hankali Yana Da Magani

A gundumar Muchalla da ke Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, kamar sauran wurare, akan sami saurayi mai ƙwazo a gona wanda sannu a hankali zai janye jikinsa daga mutane, ya daina wanka, ya riƙa magana shi kaɗai. Sau da yawa iyalinsa sukan ce jifa ne ko aljannu, su sa masa mari, su kulle shi a ɗaki. Alhali kuwa mai yiwuwa ne ciwon nan ne da likitoci ke kira sikizofireniya, wanda yake da magani a asibiti.

Alamomin Ciwon

Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yakan fara tun daga ƙarshen ƙuruciya zuwa wajen shekara 30, kuma yakan riga bayyana ga maza. Mai ciwon yakan ji muryoyin da ba wanda ke jin su sai shi. Yakan kafe a kan abin da ba haka yake ba, misali ya ce an sa masa guba a tuwo, ko maƙwabta na ƙulla masa sharri. Gardama da shi ba ta da amfani, domin a wurinsa abin gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum 1 cikin 300 yana da ciwon, wato kimanin mutum miliyan 24.

Abin Da Ke Kawo Shi

Ba abu guda ke kawo shi ba. Akwai gado, akwai shan wiwi, akwai kuma tsananin wahala da firgita. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka kama Mubi, jama'ar garin da ƙauyukan kewaye suka watse, wasu cikin duwatsu, wasu Yola, wasu Kamaru. Wanda ya ga irin wannan tashin hankali yakan yi fama da mugun mafarki da razana shekara da shekaru. Wannan ciwo ne daban, amma yakan tsananta wa mai sikizofireniya. Likita ne kaɗai zai iya bambance su.

Magani

Tun 1952 aka fara amfani da maganin chlorpromazine a Faransa, wasu magunguna kuma suka biyo baya. Akwai ƙwayoyi na kullum, akwai allurar da ake yi bayan 'yan makonni. Matakin farko shi ne a kai mara lafiya Babban Asibitin Mubi, inda za a duba shi, in hali ya yi a tura shi wurin ƙwararru, kamar Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri. Maganin yakan kawo barci, ko rawar hannu, ko sandarewar jiki. In an ga haka, sai a koma wurin likita ya gyara awon. Babban kuskure shi ne barin magani don an ga sauƙi, domin ciwon yakan dawo. Addu'a kuwa ba ta hana shan magani.

Aikin Iyali

A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kusa da asibitin Aro a Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana. Aka tarar zama cikin jama'a yana taimaka musu ƙwarai. Saboda haka ya kamata a wakilta mutum guda a gida ya kula da lokacin magani da ranar komawa asibiti. A riƙa cin abinci tare da mara lafiya, a ba shi aikin da zai iya, kamar kiwon awaki ko cire ciyawa. In ya ambaci kashe kansa, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira.

A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa mara lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Ana roƙon dagatai da masu unguwanni, da limamai da fastoci, su shawarci duk gidan da aka ɗaure wani a kwance shi a kai shi asibiti.