Abin da Ke Zubewa Idan an Sauya wa Bayanan Alaƙa Mazubi

Taswirar alaƙa, wadda masana lissafi ke kira giraf, tarin ɗigogi ne da layukan da ke haɗa su, inda ɗigo ke wakiltar mutum ko gari ko kwamfuta, layi kuma ke nuna dangantakar da ke tsakanin ɗigo biyu. Tushen wannan ilimi aikin Leonhard Euler ne na 1736 a kan gadoji bakwai na birnin Königsberg. Manhajojin da ke zana irin wannan taswira suna da yawa a yau, kuma kusan kowace tana da tsarin fayil da ta fi sabawa da shi, abin da ke tilasta wa mai bincike fitar da bayanansa daga wannan tsari ya zuba su a wancan.

Tsarin DOT na manhajar Graphviz, wadda aka ƙirƙira a ɗakunan bincike na AT&T a Amurka, rubutu ne zalla da ido ke iya karantawa, domin idan aka rubuta Kano -> Zariya an samar da ɗigo biyu da kibiya mai tashi daga na farko zuwa na biyu. GraphML kuwa an gina shi ne a kan XML, wato rubutu mai sanya kowane bayani cikin alamomin buɗewa da rufewa, kuma yana fayyace ko bayanin lamba ce ko kalma. Shi kuma GEXF na manhajar Gephi, wadda ta fito daga Faransa a 2008, yana adana launi da girma da mazaunin kowane ɗigo, har ma da lokacin da alaƙa ta ƙullu da lokacin da ta yanke.

A nan ne gizo ke saƙar, domin kowane tsari yana ɗaukar abin da masu ƙirƙirarsa suka damu da shi ne kawai. Wanda ya mayar da GEXF zuwa jerin layuka na CSV, wato tebur mai ginshiƙin mafari da na maƙura, zai rasa launi da mazauni, sannan duk ɗigon da ba shi da alaƙa da kowa zai ɓace shiru, tunda babu layin da zai ambace shi. Haruffa masu lanƙwasa ma suna cikin hatsari, don sunan gari kamar Ɗanbatta kan koma tarkacen alamomi idan aka buɗe fayil ɗin da tsarin haruffa da ba UTF-8 ba.

NetworkX, tarin kayan aiki na harshen Python, yana karanta GraphML da GEXF da jerin layuka, yana kuma rubuta su, amma ba ya dawo da abin da tsarin da aka zaɓa ya kasa ɗauka. Saboda haka wajibi ne mai aikin ya ajiye fayil na asali, ya kuma ƙirga ɗigogi da layuka kafin sauyi da bayansa.