Yadda Ake Gane Baƙin Fayiloli A Tsohuwar Kwamfuta

Sau da yawa mutum yakan gaji tsohuwar kwamfuta, ya duba faifanta na ajiya, ya tarar da waɗansu fayiloli waɗanda ba wanda ya tuna da ajiye su. Kuskuren da aka fi yi shi ne a share su duka don neman fili. Lalle a yi hankali, gama watakila takardar gona ko hoton wani mamaci yana cikinsu.

Waɗanda suka fi ruɗa jama'a su ne masu suna FILE0000.CHK, FILE0001.CHK, haka bi da bi. Ga asalinsu. Idan wuta ta ɗauke sa'ad da kwamfuta take cikin rubutu, lissafin da take riƙe da shi na mazaunin kowane fayil yakan rikice, sai a sami gutsattsari marasa suna. Manhajar binciken faifai, watau ScanDisk ko CHKDSK, ita ce take tsince su ta raɗa musu waɗannan sunaye. A Windows 95 da 98 takan zube su a sarari cikin faifan. A Windows XP kuwa, wadda ta fito a 2001, takan ɓoye su cikin jaka mai suna FOUND.000.

Sunan ba ya faɗin abin da ke ciki, amma farkon fayil yana faɗi. Da fari sai a kwafe shi zuwa wani wuri, a buɗe kwafin da Notepad, a dubi haruffan farko, kada a kula da tarkacen da ke biye. In an ga %PDF, takarda ce. A sāke ƙarshen sunan zuwa.pdf. In JFIF ko Exif ya bayyana kusa da farko, hoto ne, .jpg ke nan. PK alamar ƙunshin ZIP ce, ko kuwa takardar Word irin ta 2007 zuwa gaba. Mai farawa da MZ kuwa manhaja ce, kada a kunna ta, don tana iya zama mai ɓarna. Wani gutsuren daga tsakiya ya yanke, ba shi da alama, amma akan iya karanta rubutun da ya saura a ciki.

Thumbs.db ƙananan hotunan nuni ne kawai, share shi ba ya ɓata kome. WIN386.SWP da pagefile.sys kayan aikin Windows ne na kanta, sai a bar su inda suke muddin kwamfutar tana aiki.