Duka Ba So Ba Ne: Ina Mace Za Ta Kai Kukanta?

Yau ina so mu taɓa wata magana da aka saba rufewa da zani a ɗaki, wato dukan mace, ko daga miji ko daga saurayi.

Ni 'yar Kura ce, kuma duk wanda ya san ƙasarmu ya san ba ƙasar malalata ba ce. Tun da aka gina madatsar ruwan Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo magudanai ya ratsa Bunkure da Kadawa da Kura, noman rani ya zama abin tinƙahonmu. Mata su ne ƙashin bayan turara shinkafa, su ne a bakin gonaki wajen tsinkar tumatir da ake kaiwa Kwanar Gafan. To amma sau nawa mace za ta wuni a gaban tukunya hayaƙi na cin idonta, ta zuba adashe, ranar ɗauka maigida ya ce kawo? In ta ce uffan, sai mari. In ta yi yaji, a gida a ce, "Yi haƙuri ki koma, aure ibada ne." Haƙuri kam maganin zaman duniya ne, amma ba a ce a yi haƙuri har a rasa ido ko a yi ɓari ba.

Ke kuma ƙanwata da kike zance da yamma, ki sani cewa juma'ar da za ta yi kyau tun daga laraba ake gane ta. Saurayin da ya saya miki waya, sannan ya ce dole ya duba ta kullum; wanda ke hana ki gaisa da ɗan ajinku; wanda ya murɗe miki hannu yau, gobe ya zo da turare yana cewa kishi ne ya sa; wallahi wannan ba masoyi ba ne. Toshi kyauta ce, ba kuɗin sayen baiwa ba. Kowa na tuna abin da ya faru a unguwar Janbulo cikin Kano a watan Satumba na 2022, inda wani ɗan ƙasar Sin ya kashe budurwar da yake nema a gidan iyayenta. Babbar kotun Kano ta yanke masa hukuncin kisa a 2024, amma hukunci ba ya dawo da rai.

Abin farin ciki shi ne akwai bayin Allah da suka tashi don taimako, ba don riba ba. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, wadda ke tsaya wa mata marasa ƙarfi a kotu kyauta. Lauyarsu ce ta kare yarinyar nan 'yar shekara 14 ta yankin Gaya, wadda aka yi wa auren dole a 2014 har abin ya kai ga asarar rayuka, kuma a 2015 gwamnati ta janye ƙarar. Akwai WRAPA, wadda Mai Shari'a Fati Lami Abubakar ta kafa a 1999, tana ba mata shawarar shari'a da sulhu. Akwai FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi da aka kafa a Minna a 1985, mai ilimantar da mata haƙƙoƙinsu a addini. A Kano kuma ga gidauniyar Isa Wali ta Hajiya Maryam Uwais, mai koya wa mata sana'a da taimaka wa waɗanda aka zalunta. Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa, akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, inda ake duba lafiya da kwantar da hankali cikin sirri.

Kada wani ya ruɗe ki cewa kai ƙara tsarin Turawa ne. Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace da hannunsa ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, matar da ta tabbatar wa alƙali cewa mijinta na cutar da ita, alƙali na da ikon raba auren ko da mijin bai so ba, kuma ba sai ta mayar da sadaki ba, domin wannan daban yake da hul'i. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ma tun a 2017 yake kira a yi dokar iyali da za ta hukunta mai dukan mace. A matakin tarayya kuwa an sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane tun 2015.

To me za ki yi in abin ya same ki? Da farko kada ki ɓoye. Ki faɗa wa mahaifiyarki, ko gwaggo, ko malamar da kika yarda da ita. In akwai rauni, ki je asibiti tun bai warke ba, ki adana katin, domin shi ne shaidarki a gaban alƙali. In manya sun zauna abin bai gyaru ba, ga mai unguwa, ga ofishin Hisbah, ga kotu. In kin ji ana barazanar kisa, kada ki tsaya jiran sulhu, ki bar wurin tukuna. Kuma ki riƙe karatunki da sana'arki da hannu biyu, don yawancin matan da na ga sun zauna cikin duka, rashin abin da za su ciyar da 'ya'ya ne ya ɗaure su.

Iyayenmu mata, don Allah in 'yarku ta dawo da kumburarriyar fuska, ku fara tambayar ta abin da ya faru kafin ku ɗauko mayafi ku mayar da ita. Maƙwabta kuma, in kun ji kuka ta katanga, ku buga ƙofa.

Allah ya ba 'yan matanmu mazaje nagari masu tausayi, ya zaunar da na gidajen aure lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.