Imel mai rufin asiri: tsaba da tsakuwa a maganganun da ke yawo a Zonkwa da Kafanchan

A Zonkwa, hedikwatar ƙaramar hukumar Zangon Kataf, da Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da su, adireshin imel ya zama dole, domin ɗalibin da zai yi rajistar JAMB, da wanda ya sami gurbi a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ko reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da ɗan kasuwar da ke aika farashin citta ga masu fitar da ita daga Legas, kowannensu sai an nemi ya kawo shi. Yawan amfanin ne ya jawo yawan magana a kan kamfanonin da ke tallan imel mai rufin asiri, musamman Proton Mail da Tuta, kuma a cikin maganganun akwai gaskiya, akwai rabin gaskiya, akwai kuma ƙarya tsagwaronta.

Maganar da aka fi ji ita ce Gmail yana karanta wasiƙun mutane, kuma wannan rabin gaskiya ce. Har zuwa 2017 na'urorin Google suna bin kalmomin da ke cikin saƙonni domin zaɓar tallan da za a nuna wa mai akwatin, amma a watan Yunin shekarar kamfanin ya sanar da daina hakan. Abin da bai canja ba shi ne wanda ke riƙe da makulli. Gmail yana kulle saƙo, wato yana juya rubutun zuwa lambobin da ba sa karantuwa, sa'ad da yake kan hanya da sa'ad da yake ajiye a rumbun kwamfutocinsa, sai dai makullin buɗewar yana hannun kamfanin, shi ya sa na'urorinsa ke iya tace saƙonnin damfara, shi ya sa kuma yake iya miƙa abin da ke cikin akwati idan kotu mai hurumi ta umarce shi.

Proton Mail, wanda wasu masana kimiyya da suka haɗu a cibiyar bincike ta CERN suka kafa a Jeniba ta ƙasar Suwizalan a 2014, da Tuta na birnin Hanoba a Jamus, wanda aka sani da Tutanota kafin ya sauya suna a 2023, sun bi wata hanya dabam. Ana kulle saƙon tun a wayar mai aikawa, ba ya buɗuwa sai a wayar mai karɓa, kuma kalmar sirrin mai akwatin ce ke tsare makullin. Don haka gaskiya ne cewa kamfanin ba ya iya karanta wasiƙun da ke ajiye a wurinsa. Sai dai akwai sharaɗin da masu yaɗa labarin kan tsallake: wannan kulli na baki da baki yana aiki kai tsaye ne idan mutanen biyu suna kan kamfani ɗaya, ko kuma mai aikawa ya sa wa saƙon wata kalmar sirri ta musamman da ya riga ya faɗa wa mai karɓa ta wata hanya. Sakataren ƙungiyar manoma da ya rubuta daga Proton zuwa abokin cinikin da ke Gmail ya ajiye kwafin wasiƙarsa a rumbun Google ke nan, tamkar wanda ya garƙame ɗakinsa ya kai kayan ɗakin maƙwabci.

Ban da haka, kullin yana rufe cikin wasiƙa ne, ba bayan ambulan ba. Adireshin mai aikawa da na mai karɓa da lokacin aikawa suna a fili ga kamfanin, domin idan babu su saƙo ba zai san inda ya nufa ba. A Proton kan magana, wato layin da ke bayyana batun wasiƙa, ba ya cikin kullin baki da baki, alhali Tuta yana kulle shi, bambanci ƙarami amma mai nauyi ga wanda ya saba zuba dukan zancensa a wannan layin.

Daga nan ne ƙaryar da ta fi haɗari ke bayyana, wato cewa babu hukumar da ke iya gano mai amfani da irin wannan imel. A 2021 ya fito fili cewa Proton, bisa umarnin hukumomin Suwizalan bayan buƙatar 'yan sandan Faransa, ya naɗi adireshin IP na wani ɗan fafutukar kare muhalli, wato lambar da ke nuna layin intanet ɗin da na'ura ta shiga da shi, kuma ya miƙa. A 2020 wata kotu a birnin Kolon na Jamus ta umarci Tutanota ya sa ido a kan wani akwati a shari'ar neman kuɗi da barazana, abin da ya shafi saƙonnin da ke shigowa ba a kulle ba. Kamfanin imel na Lavabit a Amurka kuwa rufe harkarsa ya yi a watan Agustan 2013 sa'ad da gwamnati ta nemi makullansa. Kowane kamfani yana ƙarƙashin dokar ƙasar da yake zaune, kuma rufin asirin wasiƙa dabam, ɓoye sunan mai wasiƙa dabam.

Ita kuwa maganar cewa buɗe irin wannan akwati laifi ne a Najeriya, ko cewa sai mai kashi a gindi ke nemansa, ba ta da tushe. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ƙarfafa wannan haƙƙi. Malamar asibiti da ke aika sakamakon gwaji, da lauya, da limamin coci ko na masallaci da ke riƙe da amanar mutane, duk suna da dalilin da ba ya buƙatar bayani. Abin da yake gaskiya shi ne Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgarsu har shekara biyu, kuma ta ba alƙali ikon umartar a saurari sadarwa, don haka kamfanin layi yana iya sanin cewa wata waya ta shiga Proton, ko da bai san abin da aka rubuta ba.

Duk da haka, ɓarakar da ta fi cutar da mutanen yankin ba a Jeniba ko Hanoba take ba. Akwatuna da yawa a shagon intanet aka buɗe su a lokacin rajista, mai shagon ne ya zaɓi kalmar sirri, wani lokaci ma lambar wayarsa ya sa a matsayin hanyar dawo da akwati, kuma wanda ya riƙe kalmar sirri ya riƙe makullin, ko a wane kamfani ne. Haka nan layin wayar da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfanonin sadarwa kan sake sayar da lambar, sabon mai ita kuma yana iya karɓar lambobin tabbatarwa na tsohon akwati. Ga mai wannan matsala, sauya kalmar sirri, da cire lambar wani, da kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman shaida ta biyu bayan kalmar sirri, sun fi ƙaura zuwa sabon kamfani amfani nesa ba kusa ba.

Wanda ya yanke shawarar ƙaura kuma yana da abin da zai biya ko da bai fitar da ko kwabo ba. Tun da kamfanin ba ya riƙe makulli, mantuwar kalmar sirri tana iya rufe tsofaffin wasiƙu har abada, sai idan an adana hanyar ceto, irin jerin kalmomi 12 da Proton ke bayarwa, waɗanda rubuta su a takarda ya fi barin su a cikin wayar da za ta iya ɓata. Wurin ajiya ma ƙarami ne, domin Tuta na kyauta gigabait 1 yake bayarwa, Google kuwa 15, ƙarin wuri kuma da kuɗin waje ake sayensa. Sannan Tuta yana goge akwatin kyauta da aka yi wata shida ba a shiga ba, alhali wa'adin Google shekara biyu ne, kuma duka biyun sun shafi ɗalibin da zai buɗe imel don JAMB ya manta da shi, sai bayan shekara huɗu ya dawo nemansa a lokacin rajistar bautar ƙasa.