Yadda A Ke Faɗaɗa Tsohon Huji da Zarton Zagaye

An gama madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima cikin 1984. Yau daga Marnona har Wurno da Rabah da Goronyo, masu noman shinkafa da albasa da tafarnuwa suna aiki da injin ban ruwa, da bututu, da duro, da tankin roba. Duk mai waɗannan kaya wata rana zai bukaci huji.

Ga misali. Mutum yana da tanki mai ƙaramin famfo, na rabin inci. Ruwa ba ya fita da sauri. Ya sayo famfo na inci ɗaya, amma hujin da ke jikin tankin ya yi kaɗan. Waɗansu su kan sa wuƙa, ko ƙarfe mai zafi, su yi ta sassaƙar bakin hujin. Hujin da aka yi haka ba ya zama daidai. Zoben roba ba zai kwanta a kansa ba, sai ruwa ya riƙa ɗiga dare da rana. In kuwa hujin ya wuce kima, an ɓata tanki, ga shi kuma tanki ba abin kuɗi kaɗan ba ne.

Akwai abin da aka yi musamman don wannan aiki, ana ce da shi zarton zagaye. Kamarsa ɗaya da gwangwanin madara wanda aka yi wa haƙora a baki. A tsakiyarsa akwai tsinken huji, ya ɗan fi haƙoran tsawo. Ana ɗaura shi a bakin injin huji, ko mai aiki da lantarki ko mai batir. Kafintoci da masu aikin famfo su kan riƙe shi, manya da ƙanana.

To, mene ne amfanin tsinken nan na tsakiya? Ku tuna da mai ginin rumbu. In zai shata gindi, ya kan kafa turke, ya ɗaura igiya, ya zagaya. Turken ne ke riƙe da da'ira. Haka tsinken ya ke. Shi ke fara shiga, ya kafu, sa'an nan haƙora su zagaye shi suna yanka.

Nan ne wahalar ta ke. A wurin da aka riga aka huda, tsinken ba shi da abin kamawa, iska kawai ya ke sara. Da haƙora sun taɓa jikin tanki, sai zarton ya zame ya yi gefe. Ya kakkarce wurin, wani lokaci ya fizge hannun mai riƙe da injin har ya gurɗe. Laifin ba na zarto ba ne. An cire masa turke ne. Saboda haka aikin duka shi ne a sama masa wani abin da zai riƙe shi.

Kafin a taɓa kome, a fara awo. Ku lura da wannan ƙwarai, don nan mutane da yawa ke faɗuwa: sunan bututu dabam, kaurinsa dabam. Inci ɗaya milimita 25 ne da 'yan kai. Amma wuyan famfon da a ke kira inci ɗaya ya kai milimita 33, don haka yana son huji na milimita 34 ko 35. Na rabin inci wuyansa milimita 21 ne, hujinsa 22. A kan rubuta lamba a jikin kowane zarto ko a kwalinsa. Ku karanta lambar da kanku, ku ɗora wuyan famfon a bakin zarton ku gani da ido.

Hanyar da ta fi kyau ita ce ta allon jagora. A sami guntun falanki wanda ba shi da tsaga, kaurinsa kamar ɗan yatsa. A huda shi da babban zarton nan. Wannan ba wuya, gama tsinken zai sami katakon da zai kama. Yanzu ga allo mai huji daidai da wanda a ke so. A ɗora shi a kan tsohon hujin, a duba da kyau sabon ya haɗiye tsohon duka. In ƙofa ce, a matse allon da abin matsi na kafinta, ko a kafa shi da ƙananan ƙusoshi biyu. In tanki ne, kada a buga ƙusa. A zagaye tankin da igiya mai ƙarfi, ɗaya sama da hujin ɗaya ƙasa, a tamke har allon ya ƙi motsi. Sa'an nan a zura zarton cikin hujin allon a fara yanka. Da, daga tsakiya a ke riƙe shi. Yanzu bangon allon ne ya riƙe shi daga waje, ba shi da hanyar zamewa.

Wannan hanya tana da wani amfani kuma. Sau da yawa tsohon hujin yana kusa da gindin tanki ƙwarai. Babban famfo yana da babban noti, kuma notin yana son fili a shimfiɗe daga ciki. Da allon jagora ana iya ɗaga sabon hujin sama kaɗan, muddin tsohon yana cikinsa. Ku adana allon, wani ma zai zo aro.

Hanya ta biyu, a toshe tsohon hujin. A sassaƙa busasshen ice mai tauri, kamar ƙirya ko marke, ya yi tsini kaɗan. A buga shi a hankali ya cika hujin tam, a yanke abin da ya fito. A sa alama a tsakiyarsa, a kafa tsinken nan. Wannan ya fi kyau a katako mai kauri, kamar ƙofar da za a sa wa kuba mai zagaye, irin wadda ke son huji na milimita 54. A jikin duro na ƙarfe ba ya zama, don ƙarfen ba shi da kauri.

Akwai kuma dabarar masu sana'a. Su kan ɗaura zarto biyu a sanda ɗaya, ƙarami a cikin babba. Ƙaramin daidai ya ke da tsohon huji, ya ɗan leƙo gaba, shi ke shiga ya ja babban. Sai dai ba kowace sanda ke ɗaukar biyu ba.

Ko wace hanya aka bi, a riƙe injin da hannu biyu, a tsai da shi sak. Kada a danna da ƙarfi, kada a sake shi da gudu. Iyakar girman zarto, iyakar bukatarsa ta tafiya sannu. A roba, gudu ya kan narkar da bakin huji. A ƙarfe, a riƙa ɗiga mai don kada haƙora su ƙone. A ƙofa, in an kai rabi sai a mai da allon ɗaya gefen daidai wurin, a ƙarasa daga can, don kada katakon ya tsage. A naɗe hannun riga, kada a yi aikin da babbar riga ko rawani mai lilo, a kori yara daga wurin.

Duron da aka taɓa zuba fetur a ciki, kada a kai masa zarto haka nan, ko da ya daɗe a bushe. Tururin fetur ya kan saura a ciki, tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa shi. Sai an wanke shi sarai, an cika shi da ruwa har kusa da wurin yankan. Wanda kuwa aka zuba maganin ƙwari a ciki, ko an wanke kada a sa ruwan sha.

In zarto ya fita, a kwance allon. A goge bakin hujin da magagari ko samfefa, ciki da waje, har ya yi sumul. A kwashe ɓarɓashin da ya faɗa ciki. A sa zoben roba, a zura famfo, a murɗa noti da hannu, sa'an nan a ƙara kaɗan da sifana. A zuba ruwa ya wuce famfon da kamar taƙi ɗaya, a share wurin ya bushe, a dakata. In ba a ga danshi ba, sai a cika tanki.